Mai Kwana da Takalmi

Sunana Zefanias, shekarata sha biyar.
A bakin kogin Buzi aka binne cibiyata,
ban san inda ruwa ya kai ta ba.

Shekara guda ke nan ina kwana da takalmi.
Inna takan lallaɓo da tsakar dare ta cire mini,
tana juya baya in mayar.
Ba ta tambaya, ba na bayani.
Shirun nan mun iya shi kamar dakan rogo,
ita ta saki taɓarya, ni in ɗaga.

Kwana uku muka yi a kan rufin makaranta,
mu talatin da ɗaya, da akuya guda.
Na ƙirga. Har yau ban daina ƙirgawa ba.
In na shiga aji, kawuna nake lissafawa,
in an aike ni kasuwa, idona na can sama
yana neman itacen da ya fi tsawo,
da reshen da zai iya ɗaukar nauyina.

Ruwan nan launin shayi gare shi,
irin wanda aka cika wa madara.
Na daina shan shayi.
Aka ce iyayi ne.

Tomé ne na talatin da biyu.
Rigarsa na riƙe, ba hannunsa ba,
jar rigar ƙwallo mai lamba tara.
Rigar ce ta tsaya.
Tana ƙarƙashin tabarmata, ban gaya wa kowa ba.
In uwarsa ta wuce da tallan busasshen kifi
takan ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa?"
Sai harshena ya zama dutse.

Manya suka ce, ka tsira, gode wa Allah.
Na gode, Allah ya sani na gode.
Amma wa zan gaya wa
kogin da ya koma makwancinsa
ya manta wani reshe a ƙirjina,
yana cika ko babu hadari?
An kawo masara, an kawo gidan sauro da kwanon rufi,
sau huɗu ana rubuta sunanmu a takarda.
Ba wanda ya tambayi yadda muke barci.

Ran nan Malama Felismina ta ce mu zana gidajenmu.
Kowa ya yi ƙofa, ya yi taga, wasu har da kaji.
Ni rufi kawai na zana.
Ta daɗe tana kallo, ba ta ba ni maki ba.
Ta ce, "In an tashi, raka ni bakin ruwa."

Gwiwoyina na rawa muka isa.
Tsoho Mandava mai fito na zaune yana ɗinke taru,
shi ne ya sauke mu daga rufin a kwalekwalensa.
Bai ɗago kai ba.
Ya ce, "Mutum arba'in na fitar, yaro.
Biyun da ban kai gare su ba,
su ke tashina kafin zakara.
Da filafili nake kwana, matata har ta gaji da magana."

Ya miƙo mini bakin tarun in riƙe.
Na riƙe.
Sai na ji sunan Tomé ya fito da kansa,
kukan shekara guda ya biyo shi a guje.
Ba wanda ya ce mini namiji ba ya kuka.
Malama ta zauna a yashi da fararen kayanta,
tsoho ya ci gaba da ɗinki
har rana ta yi ja.

Duk Laraba yanzu ina zuwa riƙon taru.
Mun zama mu biyar, har da Anastácia
wadda ba ta yarda a rufe ƙofa.

Jiya an kwana ana ruwa a kan sabon kwano.
Na ƙirga numfashina, na kai ɗari biyu,
na cire takalmin hagu.

Rigar kuwa na wanke ta, na ninke.
Gidansu Tomé taku saba'in ne daga namu.
Yau na yi ashirin.